Shirun Bayan Allura: Nazarin Wani Atisayen Sababbin Likitoci a Asibitin Ƙwaƙwalwa a Ingila

A Ingila, Larabar farko ta watan Agusta ce ranar da dubban ƙananan likitoci ke sauya wurin aiki. Wanda jiya yake sashen tiyata yana cire zare, yau sai ya wayi gari a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda zai yi wata huɗu kafin a sake juya shi wani wuri. A 2014 hukumar da ke kula da horar da ma'aikatan lafiya a ƙasar ta sa burin cewa kashi 45 cikin ɗari na likitocin da ke shekaru biyun farko na aiki su ratsa ta wannan fanni. Niyyar tana da kyau, domin duk inda likita ya ƙare, ko a sashen haihuwa ne ko a ƙaramin asibitin unguwa, ba zai rasa haɗuwa da mai damuwa ko mai taɓin hankali ba. Sai dai tsarin ya jefa matasa da yawa cikin aikin daren da makaranta ba ta shirya su dominsa ba.

Yawancin waɗannan asibitoci gine suke su kaɗai, nesa da babban asibiti. A babban asibiti, in zuciyar mara lafiya ta tsaya, lamba 2222 ake bugawa, kafin a ce kwabo ayarin ceto ya cika ɗakin. A nan kuwa babu wannan ayari. Sai a buga 999 a jira motar asibiti, daidai da wanda ciwo ya kama a gidansa. Nas-nas ɗin wurin gwanaye ne wajen lallashi da karantar yanayin mutum, amma ba kullum suke saka ƙarin ruwa ko neman jijiya ba. Babban likita yana gida, sai dai a same shi ta waya. Da ƙarfe biyun dare, duk abin da ya shafi gangar jiki a ɗakuna huɗu ko biyar yana wuyan mutum guda, wanda mai yiwuwa bara-waccan yake ɗalibi.

Wannan giɓi ne atisaye, wato gwada aikin jinya a kan ɗan wasa ko mutum-mutumi, ya zo cikewa. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1960 kamfanin Laerdal na ƙasar Norway ya fito da mutum-mutumin da ake koyon farfaɗo da numfashi a kansa, kuma a 1963 likitan jijiyoyi Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyun mutane su kwaikwayi marasa lafiya a gaban ɗalibansa a Kalifoniya. Fannin ƙwaƙwalwa ya makara wajen haɗa biyun. Sai a 2014 aka buɗe cibiyar Maudsley Simulation a kudancin Landan, ta farko a Birtaniya da ta keɓe kanta ga lafiyar ƙwaƙwalwa. Abin da ke biye nazarin darasi guda ne daga irin wannan horo, a wani asibitin da ba sai an ambaci sunansa ba. Majiyyacin ciki masu horon ne suka tsara shi a takarda.

Yadda aka tsara darasin

An yi atisayen ne a wani ɗakin kwana da babu kowa, cikin ainihin sashen da ake kwantar da maza, da ainihin jakar gaggawa da ke rataye a ofishin nas. Wannan zaɓi da gangan ne, kuma za a ga amfaninsa. Mahalarta sun haɗa da ƙananan likitoci da nas-nas da mataimakan jinya. Uku ke shiga, sauran suna kallo ta kyamara daga wani ɗaki. Kafin a fara an gindaya sharuɗɗa: ba jarrabawa ba ce, abin da ya faru a nan ba ya fita, kuma akwai kalmar da kowa zai iya faɗa a tsayar da komai nan take.

Takardar majiyyacin ta ce namiji ne ɗan shekara 41, mai ƙiba, wanda numfashinsa kan ɗauke cikin barci. Da ƙafarsa ya shigo kwana uku da suka wuce, wato babu dokar da ke tsare da shi. Da yamma ya fita shan iska ya dawo, da dare aka ba shi ƙwayar lorazepam, maganin kwantar da hankali mai sa barci, miligiram 1. Ba a samu yi masa gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, ba tun shigowarsa. Duk wannan yana rubuce ga mai buɗe fayil. Abu ɗaya ne ba a rubuta ba: ya sha giya da ya fita. Mataimakin jinyar da masu horo suka dasa a cikin wasan ne kaɗai ya sani, kuma an ce masa kada ya faɗa sai an tambaye shi.

Shi ma ɗan wasan da ke kwaikwayon majiyyacin yana da nasa umarni. In likita ta zauna, ta ba shi fili, ta tambaye shi abin da ke damunsa, zai sauko ya gaya mata cewa ya yi ta kiran 'yarsa a waya ba ta ɗauka ba. In an tare masa ƙofa ko an yi masa caa, zai ƙara hawa.

Abin da ya faru

Likitar da ta shiga tana shekararta ta biyu. Ta tarar da shi yana safa da marwa, jaka a kafaɗa, yana cewa a buɗe masa ƙofa ko ya ɓalla ta. Ta gabatar da kanta da kyau, muryarta a ƙasa. Amma a bakin ƙofa ta tsaya, nas a damanta, mataimaki a hagunta, su uku sun zama katanga. Ta ce masa, “Yallaɓai, kwantar da hankalinka mu yi magana.” Ya ce hankalinsa a kwance yake, su ne dai suka ƙi jin magana. Nas ta sa baki, mataimaki ma ya sa. Sau biyu ya ambaci wayarsa, babu wanda ya kama zancen. Da ya hankaɗa kujera ta bugi bango, sai nas ta juyo ta ce, “Likita, ina ga fa sai allura.”

Daga nan hankalin likitar ya koma kan doka, kuma ba laifinta ba ne. Mutumin da ya shigo da kansa yana da 'yancin fita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ta ba likita iko, a sashe na 5(2), ya tsare majiyyacin da ke kwance har awa 72 kafin a yi masa cikakken bincike, nas kuma tana da ikon awa shida a sashe na 5(4). Likitan da ke shekarar farko ba ya iya sa hannu, domin rajistarsa ba ta cika ba. Ita tana iyawa, ta kuma yanke shawarar yi. Ta ba da umarnin allurar lorazepam miligiram 2 a tsoka. Ta fuskar rashin ECG zaɓin maganin daidai ne: ƙa'idar 2015 kan tashin hankali a asibitoci ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a yi amfani da lorazepam shi kaɗai, ko haloperidol haɗe da promethazine, amma in ba a yi ECG ba a guji haɗin na biyu saboda haɗarinsa ga bugun zuciya. Abin da ba ta yi ba shi ne buɗe takardar magani ta ga ƙwayar da ya riga ya sha, ko ta tambayi yadda ya dawo daga fita.

Ba a kwaikwayon danne majiyyaci domin allura da ɗan wasa, don kada a ji masa ciwo. Mai horo ya tsayar da wasan, ɗan wasan ya fita, aka kwantar da mutum-mutumi a gadon, irin wanda ƙirjinsa ke ɗagawa yana sauka, ana sarrafa shi da kwamfuta. Aka ce musu an yi allura, minti ashirin sun wuce, a ci gaba.

Likitar ta zauna a teburin da ke waje tana cike takardar sashe na 5(2). Nas tana rubuta nata rahoton. Mataimaki ya leƙa ɗakin ya dawo ya ce, “Likita, an samu lafiya. Ya yi barci, har minshari yake.” Ta ce madalla, ba ta ɗago kai ba.

A ɗakin kallo kowa na ganin allon mai sarrafa mutum-mutumin. Numfashi ya sauko daga 12 a minti zuwa 10, ya koma 8. Iskar oksijin a jini ta zame daga kashi 96 cikin ɗari zuwa 88. Waɗanda ke cikin wasan ba sa ganin ko ɗaya, domin babu wanda ya maƙala wa majiyyacin na'urar awo a yatsa. Wata daga cikin masu kallo ta dafe baki. Mintunan da suka biyo baya sun fi duk ihun farko nauyi, ga shi kuwa babu abin da ke motsi a allon kyamara sai alƙalami.

Nas ce ta fara tashi. Ta shiga, ta kira shi bai amsa ba, ta girgiza kafaɗarsa, sannan ta ƙwala wa likita kira. Abin lura shi ne, daga wannan daƙiƙa likitar ta koma gwana. Ta ɗaga haɓarsa ta buɗe hanyar iska, minsharin ya tsaya. Ta ƙirga numfashi, ta nemi oksijin lita 15 a minti. Wannan aikin ta san shi, ta yi shi sau da yawa a babban asibiti. Amma da aka sa masa abin rufe hanci da baki, jakar da ke jikinsa ba ta kumbura ba. An murɗa ma'aunin lita, ba a buɗe makunnin da ke gefen tukunyar ba. Wannan kuskure sananne ne, har hukumar NHS mai kula da asibitocin gwamnati ta fitar da gargaɗi na musamman a kansa a Janairun 2018, bayan rahotannin mutanen da aka sa wa abin shaƙa alhali iska ba ta fita. A babban asibiti oksijin daga bango yake zuwa, shi ya sa likitoci da yawa ba su taɓa buɗe tukunya da hannunsu ba.

Ta ce a buga 2222. Nas ta ce babu shi a nan. Ta ce, “To wani ya kira motar asibiti.” Nas tana riƙe da tukunya, mataimaki yana zazzage jaka, kowa ya ɗauka ɗayan ne “wani”. Sai da ta sake tambaya ko motar na hanya aka gane babu wanda ya taɓa waya. A lokacin ne kuma, tana jero tambayoyi, mataimakin ya ce ai ya ji warin giya a bakinsa tun da yamma. Ta nemi flumazenil, maganin da ke karya ƙarfin lorazepam da danginsa, wanda ta jijiya ake ba da shi. Tana neman jijiyar mai horo ya ce a tsaya nan.

Zaman bita

Wasan bai kai rabin lokacin da bitarsa ta ci ba, kuma a ganina haka ya dace. An bi tsarin da wasu malamai a Landan suka wallafa a 2015, mai hawa uku: a fara da abin da ya faru tsurarsa, sannan dalilinsa, sannan abin da za a ɗauka a koma da shi bakin aiki. Hikimar hawan farko ita ce hana mutane gaggawar yanke hukunci. Sai da aka jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya likitar ta san cewa ya ambaci wayarsa. Ta rantse ba ta ji ba, aka mayar mata da faifan.

Mai jagorar zaman ba ta ce mata “me ya sa ba ki duba shi ba”. Cewa ta yi, “Na ga lokacin da aka ce yana minshari kin ci gaba da rubutu. Ni hankalina ya tashi saboda numfashinsa. Me ke ranki a lokacin?” Amsar ta fito da abubuwa uku a cakuɗe. Ta ji sanyi a ranta cewa rigima ta ƙare. Tana tsoron kuskure a takardar doka, domin ta ji ana cewa kuskure kaɗan kan ɓata tsarewar gaba ɗaya. Sannan ba ta son a taɓa shi ya farka a koma gidan jiya. Nas ta ce ita jira take likita ta faɗi sau nawa za a riƙa auna shi. Likita ta ce ta ɗauka wannan aikin nas ne da ba ya buƙatar umarni. Da aka tambayi mataimakan jinya na gaske da ke zaune ko su za su faɗi zancen giyar ba a tambaye su ba, ɗaya ya ce gaskiya da wuya, domin ba ya son majiyyaci ya ɗauke shi ɗan rahoto, kuma in manya na magana ba a cika juyowa wajensu ba.

Ga inda darasin ya fi ƙarfi. Babu ko ɗaya a ɗakin da bai san ƙa'idar ba. NICE ta ce bayan irin wannan allura a riƙa duba bugun jini da hawansa da numfashi da zafin jiki da yanayin farkawa aƙalla duk awa, amma duk minti 15 in mutumin ya yi barci, ko ya sha giya ko ƙwaya, ko yana da wani ciwon jiki. Majiyyacin nan ya haɗa duka ukun. Da a takarda aka yi wa likitar tambayar, da ta cinye. Abin da ya kayar da ita shi ne yadda jiki da zuciya ke saki da zarar hayaniya ta lafa. A sashen ƙwaƙwalwa an saba auna haɗari da ƙarar murya, don haka shiru sai ya yi kama da sauƙi. Minshari kuwa, a bakin wanda aka yi wa allurar kwantarwa, sau da yawa ƙarar maƙogwaron da ke toshewa ce. Wannan ba abu ne da lacca ke dasawa ba, gani ya kori ji.

Ingila ta biya wannan ilimi da rayuka. A 1998 David Bennett, ɗan shekara 38, ya mutu a asibitin Norvic da ke Norwich bayan ma'aikatan jinya sun danne shi rub da ciki na kusan minti 25. Kwamitin binciken da Sir John Blofeld ya jagoranta ya ba da shawarar kada irin wannan dannewa ta wuce minti uku. A 2010 Olaseni Lewis, ɗan shekara 23, wanda shi ma da kansa ya je neman magani, ya rasu bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem. A 2017 masu binciken musabbabin mutuwarsa suka ce ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima. Fafutukar iyayensa ce ta haifar da dokar 2018 da ake kira da sunansa, wadda ta wajabta wa asibitocin ƙwaƙwalwa horar da ma'aikata da rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi. Shi ya sa ƙa'idar yanzu ta ce in dannewa ta zama dole, mutum guda ya tsaya a kan kai da wuya yana lura da numfashi, a fifita rigingine a kan rub da ciki, kuma kayan ceto su kasance inda za a same su nan take.

An ɗan taɓa doka ma. Sashe na 5(2) ikon tsarewa ne kawai, bai ba da ikon tilasta magani ba. Likitan da ya yi allura a wannan hali sai ya nemi hujjarsa a wani wuri daban ya kuma rubuta ta dalla-dalla. Rabin ƙananan likitocin sun yi tsuru-tsuru da jin haka.

Daga ƙarshe aka ba ɗan wasan dama ya yi magana da bakin majiyyacin. Ya ce da ta tsaya a ƙofa ya ji kamar an rufe shi a keji, kuma da mutum ɗaya ya ce “bari mu kira 'yar taka tare”, da ya ajiye jakar. Wato akwai hanyar da wasan zai ƙare babu allura sam, kuma tana rubuce a takardarsa tun farko.

Iyakar abin

Ba na cikin masu ganin atisaye maganin komai ne. Yawancin abin da ake aunawa bayan irin wannan horo shi ne yadda mahalarta ke jin ƙarfin gwiwa, kuma ƙarfin gwiwa daban, iya aiki daban. Nuna cewa ya rage mace-mace abu ne mai wuya, domin irin waɗannan lamura ba kullum suke faruwa ba. Akwai kuma haɗarin koyar da son zuciya ba da niyya ba. A Ingila ana tsare baƙaƙen fata a ƙarƙashin dokar 1983 fiye da ninki uku na yadda ake tsare farare, kuma Bennett da Lewis duk baƙaƙe ne. In kullum ƙaton baƙin mutum ake sa wa rigar mai tayar da hankali a atisaye, an ƙara wa tsoron da ya kashe su taki. Cibiyoyin kirki suna sa waɗanda suka taɓa kwanciya a irin waɗannan ɗakuna cikin masu rubuta darasin, don kada a kwaikwayi hauka irin na fim.

Likitocin da suka yi karatu a Najeriya suna da yawa a asibitocin Birtaniya, kuma sun riga sun haɗu da 'yan wasa masu kwaikwayon ciwo a kashi na biyu na jarrabawar PLAB, wadda ake yi wa likitocin ƙasashen waje kafin a ba su izinin aiki, a Manchester. Amma can jarrabawa ce ta mutum ɗaya, nan kuwa aikin ayari ne. Kuma babu abin da ke hana a yi kwatankwacinsa a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau: abokin aiki ya kwanta a gado, mai horo ya riƙa ɗaga kati mai lambobin numfashi, ya wadatar. Tsadar ba a mutum-mutumi take ba, tana wajen samun awa biyu da likita da nas da mataimaki za su bar aiki su zauna tare.

Yin atisayen a ainihin sashen ya tono abubuwan da ba na likitar ba ne. An liƙa hoton matakan buɗe tukunyar oksijin a jikin kowace tukunya. An ƙara layi a takardar allurar kwantarwa inda likita zai rubuta tazarar awo kafin ya sa hannu, da tambaya kan giya da ƙwaya. An gano cewa da dare ƙofar da motar asibiti za ta shigo a kulle take, don haka duk wanda ya buga 999 sai ya tura mutum da makulli. An kuma amince cewa mai ba da umarni ya kama suna, wanda aka umarta ya maimaita, ya dawo ya ce an yi.

Batun flumazenil ne aka tashi ba a daidaita ba. Wasu manyan likitoci na ganin ƙaramin likita ya ba da shi da zarar numfashi ya gaza 10 a minti. Wasu na cewa ƙarfinsa kan ƙare kafin na lorazepam, yana iya tayar da jijjiga ga mai farfaɗiya ko wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi, kuma ba ya karya ƙarfin giya, don haka gara a riƙe hanyar iska da oksijin har motar ta iso. An miƙa maganar ga kwamitin magunguna na asibitin. Ma'aikatan wucin gadi da ake ɗaukowa daga kamfanoni don cike aikin dare kuwa, waɗanda su ne suka fi zama a bakin ƙofar majiyyaci da ƙarfe biyu, babu ko ɗaya a zaman, domin ba a biyan su kuɗin ranar horo.